Shekarar da Wuta Ta Ci Irin Doyarmu

Ruwan bana ya yi mana irin abin da ya yi a waccan shekarar. Ya sauko da wuri kamar da gaske, har matar mai gidan da nake haya a Suleja ta shuka masara a ɗan filin bayan gida, sai kuma ya ɗauke. Kullum da safe idan na fita neman motar Abuja ina wuce masarar, ta naɗe ganye, ƙasar gindinta ta tsage. Da la'asar hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta kwashi ledoji a titi, mata su ruga kwashe shanya, sannan ya watse ya bar mu da zufa. Mahaifiyata, wadda take zaune a wurina tun rasuwar Baba, takan leƙa ta taga ta ce wannan ba hadarin ruwa ba ne, na wahalar da mutane ne.

Ba zan iya cewa ga shekarar ba. Na tambayi Mama, ta ce ita ba da lamba take riƙe shekaru ba. Abin da na tabbatar shi ne ana tsakiyar ginin Abuja, tifofi na ta wucewa da yashi, ni kuma ina sakandare. Wani abin da idona na gani, wani ji na yi, kuma mai yiwuwa tsawon lokaci ya gauraya mini su. Amma abu ɗaya ba na shakkarsa: a shekarar ce Mama ta daina cin jibi a coci, kuma har yau ba ta sake ci ba. Jibi shi ne ɗan gutsuren gurasa da ƙaramin ƙoƙo da ake zagayawa da su a Lahadin farkon wata. An koya mana cewa wanda yake riƙe da ɗan'uwansa a zuciya kada ya miƙa hannu, sai ya yafe.

Gonarmu tana Iku, a gefen da yanzu ya cika da gidajen haya. Mu Gbagyi ne, a gida yarenmu muke yi, a coci da kasuwa Hausa, kuma doya ce komai namu. Baba, sunansa Bulus, yakan tara tulin shuka doya da garma tun ƙasa na da laima a ƙarshen damina. Idan an haƙe doya sai a ware, manya na ci da na kasuwa, ƙanana su ne iri. Ba a kawo iri gida. A can gona ake kafa rumfa ta kara da ciyawa a ƙarƙashin bishiya, a jera iri a gefe ɗaya, doyar ci a ɗaya gefen, a rufe da busasshen ganye. Ni da Mama ne masu ɗauko ta ci kaɗan-kaɗan, a babbar ƙwarya bisa kafaɗa, don mu ba ma ɗora kaya a ka. Ƙannena maza biyu suna firamare. Autarmu Talatu ba ta isa makaranta ba, tana bin Mama duk inda ta sa ƙafa, bakinta ba ya hutawa.

Ƙona gona yana da ƙa'ida, kuma kowa ya san ta. Wanda zai sa wuta sai ya fara gaya wa duk waɗanda suka yi iyaka da shi. A share gefe da fartanya, a bar fili tsakanin ciyawa da ciyawa. Sannan a hallara da sassafe kafin iska ta tashi, kowa riƙe da ɗanyen reshe, a tsaya har wutar ta mutu. Mai gona kuma ya kawo kunu. Maƙwabcinmu ta ɓangaren rafi shi ne Baba Dauda, cocinmu ɗaya, shi ke buga ganga a ƙungiyar mawaƙa, mutum mai raha da gaggawa. A shekarar bai gaya wa kowa ba. Daga baya ya ce ciyawar ba ta da yawa, ya ga bai kamata ya tara mutane a kanta ba. Wasu suka ce kunun ne ba ya son damawa. Ban san wanne ne gaskiya ba, kuma ba na son in ɗora masa abin da ban tabbatar ba. Ya dai sa wutar shi kaɗai, da rana tsaka, lokacin da zafin bazara ya fara kama jiki.

Muna gida muna sussukar dawa muka hango hayaƙi ta wajen gona. Baba ya ajiye abin da ke hannunsa ya fita da sauri, muka bi shi. Kafin mu isa, ƙamshi ya tarbe mu a hanya, ƙamshin gasasshiyar doya, irin mai tara yawu a baki. Cikina ya yi ƙugi kafin kaina ya gane abin da ƙamshin yake nufi. Rumfar ta rufta, bishiyar da ke kanta ta yi baƙi har rassa, ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin silifas. Baba Dauda yana tsaye a gefe, girarsa ta babbake, rigarsa da ya yi ta bugun wutar da ita ta zama tsumma a hannunsa. Baba ya tsuguna, ya tono doya ɗaya da kara, ya ɓare ta biyu, tururi ya tashi. Ya daɗe yana dubanta. Da ya miƙe, abin da ya faɗa kawai shi ne, "Ka ƙone hannu, Dauda. Je ka gida a sa maka wani abu."

Gasasshiyar doya ba ta ajiyuwa, don haka Baba ya aika a gaya wa unguwa kowa ya zo ya ɗiba. Mutane suka zo da kwanduna, suna jaje suna ɗiba, suna jin nauyin haɗa ido da mu. Wani tsoho, don ya sassauta zaman, ya ce Bulus ya yi wa gari Kirsimeti ta biyu tun ba a kai Ista ba, aka ɗan yi dariya, har da Baba. Mu ma muka ci da manja da barkono har ta gundure mu. Waɗanda wutar ta lasa kawai Mama ta fere su, ta yanka sirara, ta shanya a kan dutse don a yi alabo. Tuwonsa ɗacin hayaƙi yake yi, amma shi ya riƙe mu har farkon ruwa.

Dattawan ikilisiya suka zo gidanmu bayan sujada, suka zauna a gindin mangwaro, Baba Dauda na tsugune a gefe da hannu a naɗe. Shawararsu biyu ce. A sa shi a horo, wato ya koma bencin baya, a karɓe gangar, kada ya ci jibi har wani lokaci. Sannan a raba irin doyarsa biyu a ba mu rabi, tun da tasa rumfar wutar ba ta taɓa ta ba. Baba ya saurara har suka gama, sannan ya ce ya yafe, a bar wa Dauda gangarsa. Babban dattijon ya ce masa yafiya daban, gyara daban, kuma gyaran ba don fushi ba ne. Baba ya ce ya san yawan irin Dauda da yawan 'ya'yansa, idan aka raba, gida biyu ne za su kwana da yunwa maimakon ɗaya. Ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa, kamar mai ba da haƙuri. Baba Dauda ya fashe da kuka. Dattawan suka yi addu'a suka tashi, ɗayansu na cewa ga yadda ake gane Kirista na gaskiya, ba a yawan waƙa ba.

Mama tana bayan zana tana tankaɗe, ta ji komai. Ta bari sai da suka yi nisa.

"Baban Rahila," in ji ta, don Rahila ne sunana, "da bakinka ka yafe, amma da cikin 'ya'yana za a biya. Ka tambaye ni?"

Baba ya ce bai tambaye ta ba, kuma ya yi kuskure da bai tambaye ta ba, ta yi haƙuri. Bai ce zai kira dattawan su dawo ba. Ita ma ba ta ce ya kira su ba. Ta ci gaba da tankaɗe.

'Yan coci sun yi ƙoƙari, ba zan rage musu ba. Wannan ya kawo ɗan iri a kwando, wancan a bakin zani, Baba Dauda ma ya kawo abin da ya iya, Baba ya karɓa. Duk da haka, da aka yayyanka aka shuka, ko kusurwa ɗaya ta gonar bai cika ba. Muka bi tulin da aka shuka muna ɗora wa kowanne 'yar hular ciyawa da ƙasa a kai don kada rana ta dafa irin. Sauran tulin, da Baba ya karya baya wajen tarawa, aka watsa musu masara da dawa. Ruwan farko ya zo da ƙarfi, ƙasa ta yi ƙamshi, shinge ya fito muka kama a kwano muka soya, Talatu na ta tsalle a tsakar gida tsirara. Doyar ta huda tuli ta fito da jan tsiro. Na tuna Baba ya ce, to, ga shi Allah bai manta ba.

Sai ruwan ya ɗauke. Da farko ba wanda ya damu, an saba yakan ɗan huta. Mako ya bi mako. Sama ta yi fari fat, rana na fitowa da zafinta tun safe, kwanon rufi na ƙara kamar ana taka shi. Masara ta naɗe, ta yi ruwan toka, ta kwanta. Tsiron doya ya yi laushi ya bushe daga sama, in ka tura hannu cikin tuli sai ka ji shi da ɗumi kamar toka. Musulmin cikin gari suka fita roƙon ruwa, mu ma aka sa azumi da addu'a a coci, wani ya ce ai mu gidan Bulus mun riga kowa fara azumin. Gonakin da ke kusa da rafi ne kawai suka riƙe laima. Ta Baba Dauda na cikinsu, kuma tokar da wutar ta bari ta karɓe ta, ganyen doyarsa ya yi kore shar. Daga iyakar gonarmu ana ganinsa.

Ga yadda yini yake tafiya a lokacin, bayan na dakatar da zuwa makaranta. Da asuba ni da Mama mu je rijiya, wadda ruwanta ya ja baya ya koma ja, sai an bar shi ya kwanta. Mu dawo Mama ta dama kunu tsararo, wanda kana iya ganin gindin kofi ta cikinsa, yara su sha su tafi makaranta. Baba ya ɗauki fartanya ya tafi gona, ko da babu abin nomewa, don ya ce ba ya iya zama. Mu kuma mu shiga daji neman itace, mu ɗaure, mu ɗora a kafaɗa har bakin titin Diko, mu zauna a rana muna jiran mai saye. Abin da aka samu a auno ɗan tsaki. A hanyar dawowa mu tsinko tafasa da rama, in an yi sa'a da zogale. Da rana ba a ɗora tukunya. Yara su jiƙa garin ɗorawa su sha, bakinsu ya yi rawaya, ko su jefo ɗanyen mangwaro su ci da gishiri har haƙoransu su mutu. Da yamma a yi fate, ganye ya fi tsakin yawa, Mama ta raba da ludayi, ta fara da Talatu, ta ƙare da kanta. Sau da yawa takan ce ta ɗanɗana a wurin dahuwa ta ƙoshi. Yunwa ba ciwo take yi kullum ba. Wani lokaci sanyi ce a gwiwa, da jiri idan ka miƙe da sauri, da saurin fushi a kan abin da bai kai ba.

A Lahadin jibi ta farko bayan wutar, tire ya zo layinmu, Mama ta karɓa ta miƙa wa ta kusa da ita ba ta ɗauka ba. Na ɗauka mantuwa ce. Wata na biye ma haka. Na kuma lura idan ana addu'ar da muke yi tare, aka zo inda ake roƙon gafara gwargwadon yadda muke gafarta wa wasu, bakinta yakan tsaya, sai an wuce ta ci gaba. A ƙaramar coci ba abin da ke ɓuya. Wata rana a rijiya wata mata ta ce a matsa wa Saratu, wato Mama, ta ɗiba, kada a goge ta a ƙone, don har yanzu wutar ba ta mutu ba. Mama ta ce mata ta kawo doyarta a gasa mata, mata suka yi dariya, aka wuce wurin. Amma da matar fasto ta zo gida ta zauna da ita a ɗaki, ba dariya. Ta yi mata magana mai taushi a kan tawali'u da ƙauna, ta ce ga mijinta ya nuna hanya, ita ta bi kawai. Ina bakin ƙofa ina tsince tsaki na ji amsar Mama.

"Mama Fasto, ban ƙi ba. Na duba zuciyata ban samu ba. In na miƙa hannu ƙarya na yi. Mutum zan iya yi masa ƙarya, teburin nan ba zan yi masa ba."

Da doyar Baba Dauda ta isa kafa sanda, ya kira gayya. Mutane da yawa sun zaci Baba ba zai je ba, ko ya aika da uzuri, ba kuma wanda zai ga laifinsa. Shi ya riga kowa isa. An ce ya yini yana saran sanda yana kafawa, yana naɗa yaɗon doyar wani mutum a jikin sanda, tasa na mutuwa a tsallaken iyaka. Mama ba ta je taya matan gidan girki ba, ta ce tana da itacen kaiwa. Da yamma Baba ya dawo da tuwon gayya, rabonsa, ƙunshe a ganye, ya ajiye a bakin murhu. Mama ta buɗe, ta gane daga inda ya fito, ta yanka shi ta raba wa yara. Ba ta tambaya ba, shi ma bai yi bayani ba. Ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya a shekarar ba. Wani lokaci ina ganin da sun yi faɗa da ya fi sauƙi, amma ban tabbata ba.

Ƙanwar Baba, Goggo Lami, tana sayar da abinci a bakin titi a Sabon Wuse. Ta zo duba mu, ta ga wuyan yaran, ta ce a ba ta ɗaya a rage baki har kaka. Mazan suna makaranta, ni kuma ni ce kafaɗar Mama ta biyu. Saura Talatu. Baba ya ce shawara ce mai kyau, amma wannan karon sai abin da Mama ta ce. Sai da Goggo ta fara ɗaura ɗankwali, sannan Mama ta shiga ɗaki ta ƙullo rigunan Talatu a tsohon zani. Yarinyar murna take yi za ta shiga mota. Muka raka su bakin hanya, tana ta faɗa wa duk wanda muka gamu da shi cewa za ta Sabon Wuse cin shinkafa. Ta leƙo ta tagar motar ta ce wa Mama za ta kawo mata burodi.

Ruwan ya dawo daga baya, kamar da fushi. Ya yi ta zuba har katangar bayan gidanmu ta zube, ɗaki ya yi warin laima, sauro ya cika gari. Aka sake shuka dawa a makare. Cikin wannan ruwan ne wani direba ya tsaya a inda muke sayar da itace a Diko, ya tambayi matar Bulus, ya ce Goggo ta ce a zo, yarinya ba lafiya, zazzaɓi. Mama ta bar itacen a wurin ta hau motar. Kafin ta isa an riga an binne Talatu. Sabon Wuse ba nisa gare ta ba, yanzu nakan wuce ta ban ma lura ba.

Ina so in yi adalci a nan. Ba zan iya cewa wutar ce ta kashe ta ba. Yara sun mutu da zazzaɓi a shekarun ƙoshi ma, a kan cinyar iyayensu. Na yi karatu har jami'a, na san yadda ake cewa abu kaza bai tabbatar da abu kaza ba. Amma na san lissafin da Mama take yi, don ba mai wuya ba ne: da ba a sa wutar ba, ko da an raba irin, da wataƙila ba a rage baki ba, da ko mutuwar ce a hannunta za ta same ta. Ba ta taɓa faɗar haka da baki ba. Baba Dauda ne ya buga ganga a addu'ar da aka yi a gidanmu, yana bugawa hawaye na zuba a kan fatar.

Da sabuwar doya ta fito, bayan an kai ta fari coci don godiya, matar Baba Dauda ta shigo gidanmu da ƙwarya cike a kafaɗa. Ta durƙusa a tsakar gida. Mama ta taya ta saukewa, ta ba ta ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta raka ta har ƙofa. Ta daka sakwara, muka ci har muka kasa tashi. Ita ta ɗumama sauran fate ta ci.

Haka shekaru suka tafi. Ba ta taɓa gaya wa Baba Dauda baƙar magana ba, ba ta taɓa hana mu shiga gidansa ba. Da matarsa ta kwanta ciwon ajali, Mama ce ta yi ta wanke ta tana juya ta, har 'ya'yan matar na cewa ta fi su ƙoƙari. Amma tire na zuwa tana miƙa shi gaba. Fastoci sun zo sun tafi, kowanne ya gwada, ya gaji. Da Baba ya rasu, a wurin jana'izarsa aka ba da labarin wutar a matsayin misalin yafiya, coci na ta gyaɗa kai, Mama na zaune a layin gaba da hannuwa a cinya. Ban ce yabon bai dace da shi ba. Ya dace. Mutumin kirki ne, kuma na yi imani da gaske ya yafe tun a bakin rumfar. Abin da na kasa warwarewa shi ne inda zan ajiye Mama. Idan aka yi wa'azi cewa tawali'u da ƙauna da yafiya su ne alamun mai bi na gaskiya, nakan saci kallonta in ƙirga biyu, in tsaya. Sai in ji tsoro, don ta tsufa, kuma ban san yadda ake duba irin wannan a can gaban Allah ba.

Cikin wannan farin na bana, Iliya, babban ɗan Baba Dauda, ya zo gidana wata Asabar. Ya gaishe da Mama a durƙushe, ya ce jikin tsoho ya yi nisa, kuma sunanta yake ta kira. Na zaci za ta ce a gaishe shi. Sai ta ce in jiƙa gero.

Washegari bayan sujada muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Iku da kunu a fulas. Na kasa gane inda gonarmu take. Ko'ina bulo ne da shaguna da ƙarar janareta, rafin ya zama kwata. Wanda zai sa wuta yanzu shara zai ƙona, kuma ba wanda zai gaya wa. Baba Dauda yana wani ƙaramin ɗaki a bayan shagunan da 'ya'yansa suka gina, kwanon rufin ya ɗauki zafi, ɗakin na warin magani. Ya rame har na ga kamar tabarmar ta fi shi kauri. Mama ta zauna a bakin tabarmar, ta sa Iliya ya tallafo shi, ta zuba kunu a kofi ta fara ba shi da cokali. Ya sha kaɗan, ya kauda kai.

"Maman Rahila, ke ce?"

"Ni ce, Baban Iliya. Sannu da jiki."

"Bulus ya yafe mini tun ranar. Ke nake jira."

Cokalin ya tsaya a hannunta. Ina ta roƙo a zuciyata ta faɗa, ko yaya ne ta faɗa. Ta goge masa gefen baki da bakin mayafinta.

"Ina ta ƙoƙari," in ji ta. "Kullum sai na roƙa a ba ni. Ba a ba ni ba tukuna. Ba zan yi maka ƙarya kana kwance ba."

Ya rufe ido. Can ya ce, "To."

"Buɗe bakinka, kunun zai huce."

Ya buɗe. Ta ci gaba da ba shi har kofin ya ƙare, ta gyara masa matashi, ta sa aka buɗe taga.

A waje Iliya ya tare ni, idonsa ja. Ya ce, "Anti, kalma ɗaya ce fa. Ko ta ƙarya ce, me za ta rage ta?" Abin da nake tambayar kaina ke nan, kuma har yanzu ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninsa da ita ba. Na dai ba shi haƙuri.

Tun ranar Mama take komawa, kusan kullum, ita kaɗai, cikin wannan rana. Na ce ta riƙa hutawa saboda ƙafarta, ta ce surukan gidan ba su iya dama kunun marar lafiya ba, kauri suke yi masa. Jiya da na dawo daga aiki na same ta a bakin famfo tana wanke fulas. Na tsaya a kanta ina juya maganar a baki, sannan na tambaye ta ko ya sake tambaya. Ta ce ya daina magana tun shekaranjiya, ba ta jin yana gane mai shigowa ma, amma yana haɗiya. Ta kife fulas ɗin a kan bokiti, ta ce in tashe ta da wuri, geron na jiƙe.